Tafiyar da Na Kasa Kwaikwaya

Wata Asabar ce cikin hutun zango na biyu, shekarar da nake aji shida na firamare, ruwan sama ya ritsa da mu a ƙofar wani tsohon gini a Badagiri, can bakin teku, ni da Baba da ƙanensa Baffa Sahabi. Ina rungume da wata farar jarka da Kaka ta ba ni tun daga Wurno, ta ce in ciko mata ruwan teku ta riƙa shafa wa gwiwoyinta. Ruwan saman Kudu ba shi da tarbiyya. A wajenmu hadari sai ya haɗu a gabas, ya aiko iska ta yi sallama, mata su kwashe shanya, a koro awaki, har tsofaffi su gama gardamar zai zuba ko ba zai zuba ba. Can kuwa kana cikin tafiya da rana a ka, sai ka ji kamar an juye maka randa. Tumbin Baffa ne ya fara shiga ƙarƙashin rumfar ginin, shi kansa ya iso daga baya. Baba ya zo ƙarshe, don ba ya gudu, ya tsaya jikin bango ruwa na ɗiga daga hularsa, safar ƙafarsa ta jiƙe sharkaf. Mai tsaron ƙofa ya ƙare mana kallo, ya nuna da hannu cewa ko mu sayi tikiti mu shiga, ko mu matsa mu ba mutane hanya. Baffa ya yi shekaru yana sayar da albasa a garin, amma bai taɓa leƙa ciki ba. "Gidan tarihi na," in ji shi, "tsohin bindigogin Nasara da tukwane. Mu shiga yaro shi ba idonai abinci." Da ya san abin da ke ciki, na tabbata da mun tsaya cikin ruwan nan har mu narke.

Sai dai ba yawon buɗe ido ya kai ni bakin teku ba, aike ne. Inna ce ta ɗora ni bisa motar albasa, ta ce in je in taho mata da Baba kafin ruwan shuka ya sauka. Ta riga ta aika da baki ta hannun 'yan kasuwa, ta yi magana ta waya har katinta ya ƙare, amsar dai ɗaya ce, in Allah ya so. Shi ne ta yanke shawarar tura abin da take ganin Baba ba zai iya ce wa a'a ba, wato ni. Ba don hankalina ta zaɓe ni ba, duk unguwarmu an san ba ni da shi da yawa. Ta zaɓe ni ne saboda ni kaɗai nake sa Baba dariya har ya riƙe ciki.

Sana'ata a lokacin kwaikwayon tafiyar mutane ce. Wasu yara sun iya langa, wasu ƙwallo, wasu harbin ƙadangaru da danƙo, ni kuwa in mutum ya gifta ta gabana, to na sace tafiyarsa ke nan. Na iya ta hedimastanmu, wanda ke takawa kamar yana auna filin makarantar zai saya. Na iya ta mai unguwa, da ta wani ɗan kabu-kabu da ko ya sauka daga babur ƙafafunsa ba su san an sauka ba, da ta Kaka in an ce ana biki, lokacin da ciwon gwiwa ke tafiya hutu. A bayan aji, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, yara kan haɗa mini ƙuli-ƙuli don in yi musu, ni kuma in sha bulala daga baya, kuma ban taɓa ganin na yi asara ba. Da yamma in mun dawo daga fadama, an ɗaure jaki, an zuba wa tumaki harawa, Baba kan zauna bisa tabarma a ƙofar ɗakinsa ya ce, "To, yi muna hedimasta." Inna tana tankaɗe tana cewa lalata ni zai yi, amma kafaɗunta na rawa.

Tafiyar Baba kansa ita ce mafi sauƙi, sai dai ƙafata ba ta kai ba. Dogon mutum ne, in ya ɗaga ƙafa a Wurno sai ya sauke ta a Magarya. Ranar shuka kuwa azaba ce gare ni. Yana gaba da sungumi yana sara, taku ɗaya rami ɗaya, ni ina biye da ƙwaryar gero, in jefa iri, in rufe da diddige, in ruga zuwa rami na gaba. Ramukansa nesa suke da juna, har maƙwabtan gona kan yi masa tsiya cewa filin Allah yake ɓarnatarwa. Shi kuwa sai ya ce, "Gero ba ya son a matsa mai, awa ni." In mun kai ƙarshen layi ya waiwaya ya dubi aikin, ya gyara malafarsa, ni ina kwance cikin ƙasa ina neman numfashi, ina rantsuwa cewa in na girma shago zan buɗe.

Muna da gona biyu, ƙarama a bayan gari, da babba can nesa ta hanyar Lahodu, gefen daji. A daminar da ta gabaci tafiyata, wata safiya Baba ya tafi maimai a babbar gonar shi kaɗai, don ni ina makaranta. Da la'asar jaki ya dawo gida ba kowa a bayansa. 'Yan bindiga ne suka bi ta gonakin bisa babura, suka kwashi waɗanda suka samu, har da Baba. Wanda ya fito daga Wurno ko Rabah ko Goronyo ba sai na yi masa dogon bayani ba, kusan kowane gida yana da nasa labarin. Abin da na iya tunawa shi ne gidanmu ya cika da mutane amma ya yi shiru. Maza na zama a zaure suna magana ƙasa-ƙasa, in na leƙa a kore ni. Garin haɗa kuɗin fansa, shanun noma suka bar turke, injin ban ruwa ya bi su, sannan kwanonin jeren Inna suka riƙa raguwa har bangon ɗakinta ya fito fili. Geron babbar gona ya nuna, tsuntsaye suka yi girbinsa, ba wanda ya yi ƙarfin halin zuwa. Duk tsawon daminar nan ba wanda ya ce in yi masa hedimasta.

Baba ya dawo bayan kowa ya gama kai amfani gida. A bayan babur aka kawo shi, wani na riƙe da shi don kada ya faɗi. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa, gemunsa ya yi fari. Jama'a suka yi ta zuwa barka, amsarsa ɗaya ga kowa, alhamdu lillahi, daga nan sai ya dubi ƙasa. Abu biyu sababbi ya zo da su. Na farko safa. Mutumin da ban taɓa gani da safa ba ko a sanyin hunturu, sai ga shi ba ya rabuwa da ita, ko alwala zai yi sai ya zaga bayan ɗaki. Na biyu tafiya. Dogon takun nan ya ɓace. Yanzu sai ya ɗan jefa ƙafa gaba kaɗan, ya dakata kamar mai sauraren wani abu, sannan ya jawo ɗayar. Na tambayi Inna, ta ce ƙaya ce ta soke shi a daji. Na tambayi Kaka, ta ce sanyi ne, kuma in rage surutu. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, kamar maƙerin da aka nuna wa ƙarfen da bai san yadda aka lanƙwasa ba. Nakan ɓuya bayan rumbu in gwada. Na rage taku, bai yi ba. Na yi ɗingishi, bai yi ba. Na sa tsakuwa cikin takalmi, sai na fito da tafiyar mai unguwa. Ba don in nuna wa kowa nake yi ba, so nake in san me ƙafar take jira. Ita ce tafiya ta farko da ta gagare ni.

Lokacin dashen albasa ya zo, Baba bai sauka fadama ba. Yana zaune a tsakar gida, bayansa jikin bango, in babur ya wuce a waje sai ya miƙe tsaye, ya daɗe bai koma ya zauna ba. Ana haka Baffa Sahabi ya zo daga Kudu ya ce zai tafi da shi ya ɗan sha iska. Shan iskar nan ya cinye rani gaba ɗaya. Maƙwabta suka fara kai taki gona, ana gyaran amalanke, ana tone kututture, gidanmu kuwa sungumi na rataye a zaure gizo-gizo na gini a kansa. Ranar da zan tashi, Inna ta kama kunnena, ba da zafi ba, ta ce, "Ka yi mai hedimasta, ka yi mai mai unguwa, ka yi duk shashancin da ka iya. Ka ce mai sungumi na nan, ba wanda ya isa shi ɗauka. Kak ka dawo min kai ɗai." Kaka kuma, wadda ba ta taɓa barin a yi tafiya ba ta ci riba ba, ta liƙa mini jarkarta.

Ba zan ɓata lokaci kan hanya ba, illa in ce wanda bai taɓa tafiya bisa buhunan albasa cikin zafin bazara ba bai san kuka ba. Tun daga Sakkwato idona ke zuba, bai tsaya ba sai da muka haye babbar gadar Kwara, inda na buɗe baki na manta ban rufe ba. Kafin ranar ina tsammanin duk ruwan duniya a dam ɗin Goronyo aka tara shi, sauran mutane roƙo suke a sam musu. Daga nan itatuwa suka fara tsawo, mutane suka daina jin Hausa, sauro ya ƙara ƙiba. Lokacin da muka iso, warin da nake yi ya kai in da na faɗa tukunya, ba sai an yanka albasa ba.

Na sami Baba a rumfar Baffa cikin kasuwa, zaune bisa benci, bayansa jikin bango, yana ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau. Da ya gan ni ya riƙe kaina da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Ya tambayi Inna, da Kaka, da ƙanwata Hadiza, har jaki ya tambaya, amma bai tambayi gona ba. Na shiga aikin da aka turo ni. Na yi masa hedimasta, na yi direban motarmu, na yi wata mai sayar da kifi da in tana tafiya sai kasuwa ta dare biyu. 'Yan rumfa suka yi dariya har wani ya zauna kan tiren tattasai. Baba ya yi murmushi, amma a baki kawai ya tsaya. Kuma duk lokacin da na fara cewa Inna ta ce, sai ya tuna ana bukatar ruwan sha ko igiyar ɗinkin buhu, ya aike ni. A haka kwanaki suka tafi. Motarmu za ta juya gida ranar Lahadi da lodin manja, Asabar ɗin nan ita ce ta rage mini. Shi ya sa na fito da jarkar Kaka, na ce in ba a raka ni teku ba zan tafi ni kaɗai kifi ya haɗiye ni, su san abin da za su gaya wa tsohuwa. Dabarata ita ce in raba shi da rumfar, inda ba igiyar da zai aike ni saye. Ruwan sama kuma ya kora mu gidan tarihi.

A ciki mun tarar da wasu 'yan makarantar sakandare da malamarsu, da wani saurayi mai farar riga da ke zagayawa da mutane yana bayani da Turanci. Baffa ya zungure ni. "Kai ɗan boko, hwaɗa muna mi yaka cewa." Turancina a lokacin bai wuce gaisuwa da neman izinin fita fitsari ba, amma ban ga dalilin da zai sa in kunyata makarantarmu a gaban baƙi ba. Da saurayin ya nuna wata tsohuwar igwa mai tsatsa, na ce ya ce da ita ake tashin mutanen garin sahur. Da ya nuna wata laima da ta ci ta cinye, na ce ta sarkinsu ce, tun da ya ara wa surukinsa ba a dawo da ita lafiya ba. Baffa yana gyaɗa kai, yana cewa ikon Allah. Da muka zo gaban hoton wani Bature mai gemu, hannu a bayansa, ƙirji a gaba, na ce wannan shi ne hedimastansu na farko, na kuma taka masa tafiyar da ta dace da shi. Sai na ji wani ɗan sauti ya fito ta hancin Baba. Ba dariya ce cikakkiya ba, ƙanwarta ce, amma rabon da in ji ta tun kafin jaki ya dawo shi kaɗai. A raina na ce shi ke nan, gobe mu biyu ne bisa mota.

Ɗaki na gaba ƙarami ne, ba haske sosai, yana warin tsatsa da danshi. Bango duk ƙarfe ne a rataye. Sarƙar wuya, ta hannu, ta ƙafa, har da wata 'yar ƙarama da ko ni ba za ta shiga ba. Akwai zanen jirgin ruwa da mutane kwance a jere cikinsa, an shirya su kamar yadda muke shirya buhuna a mota. Wannan kam bai bukaci fassara ba, an koya mana cinikin bayi a aji, har na san ta bakin tekun nan aka riƙa fitar da su. Amma ɗan sautin hancin nan ya bugar da ni, ban ko waiwayi Baba ba, ƙari nake nema. Saurayin ya sauko da wani mari, zobba biyu na ƙarfe da gajeriyar sarƙa tsakani, ya tambayi wa zai gwada ya ji nauyinsa, da alama haka suke yi wa baƙi su ɗauki hoto. Kafin ya rufe baki ina gabansa. Ya durƙusa ya sa mini. Ƙarfen sanyi ƙalau. Niyyata in yi hedimasta cikin mari, abin da ba a taɓa gani ba. Na ɗaga ƙafa zan yi dogon taku, sarƙar ta fizgo ni, saura kaɗan in ci ƙasa, 'yan makarantar suka fashe da dariya. Na sake gwadawa a hankali. Na ɗan jefa ƙafa gaba kaɗan. Na dakata, don ƙarfen na cizon ƙashin idon sawuna. Na jawo ɗayar. Ban kai bango ba na gane tafiyar da nake yi. Abin da na yi ta nema a bayan rumbu ga shi ya zo da kansa, ba tsakuwa, ba ɗingishi, kuma ba ƙayar da ta soki kowa.

Na tsaya cak. Baffa ya ɗaga kai yana kallon rufi kamar an rubuta wani abu a can. Baba kuwa ya taso daga bakin ƙofa ya nufo ni, da tafiyarsa, ya ratsa tsakiyar ɗakin, duk wanda ke wurin ya ga mutum biyu da tafiya ɗaya, ɗaya da ƙarfe, ɗaya babu. Dariyar ta mutu da kaɗan-kaɗan. Ya durƙusa a gabana, ya zare takalmi, ya cire jiƙaƙƙiyar safarsa, ya ninke ta, ya cusa tsakanin ƙarfen da ƙashin ƙafata. Hannunsa na sauri, kamar yadda yake ɗaure kaya bisa jaki. "Ba a jan ta," ya ce, murya ƙasa, kamar mu kaɗai ne. "Ɗaga ta akai, kak ta ci ka." A nan na ga ƙafarsa. Fatar ta yi fari tana sheƙi, ta zagaye idon sawun kamar munduwa, ta lotsa ciki. Wata yarinya da ke ɗaukar hoto ta sauke wayarta. Saurayin mai farar riga ya durƙusa shi ma, ya shiga cire mini marin, yana maimaita Hausar da ya sani, sannu Baba, sannu Baba. Baba ya amsa masa da ladabi, ya ɗauki safarsa, bai mayar ba, ya sa a aljihu.

Da muka fito ruwa ya ɗauke. Baffa ya ce mu koma rumfa, Baba ya ce ruwan tsohuwa fa. Ruwan da ke gaban garin ashe ba shi ne tekun ba, ɗansa ne, sai an haye shi a jirgin kwale-kwale, a bi wata hanyar yashi tsakanin itatuwan kwakwa. Mai jirgin ya gaya wa Baffa cewa ta hanyar nan aka riƙa kora bayi zuwa manyan jirage. Muka bi ta, ni da Baffa muna rage sauri don kada mu bar Baba a baya. Tun kafin mu ga tekun muke jin rurinsa. Da ya bayyana, na nemi abin dariyar da zan faɗa na rasa, ruwa ne har inda sama ta sauko, yana ta zuwa yana komawa kamar abin da aka ɗaure. Na shiga na cika jarka, igiyar ruwa ta kayar da ni ta cika mini wando da yashi. Baffa ya yi nesa da mu, wai yana neman inda waya ke kamawa.

Baba na zaune bisa yashi, ƙafa ɗaya da safa, ɗaya babu. Na zauna kusa da shi, na faɗi saƙon Inna duka, har da maganar sungumi, ban ƙara gishiri ko kaɗan ba, abin da ban saba ba. Ya dubi ƙafarsa. "Mu biyu anka sa ga mari guda," ya ce. "Ni da Ummaru, mutumin Lahodu, wanda gonarmu da tashi ke iyaka. In zai tashi sai in tashi. In zan taka sai in jira shi. Ranar da anka buɗe ni, shi ba a buɗe shi ba." Ya shafa tabon da tafin hannu. "Har yau ƙahwata jiran shi takai. In na ɗauki sungumi, ɗiyanai na can ƙetaren iyaka suna kallo na. Mi za ni ce musu?" Ba ni da tafiyar da zan yi wa wannan magana. Na ce to sai mu shuka ta bayan gari kawai, mu bar babbar. Ya ce e, ta bayan gari za a shuka, kuma ni zan shuka ta. Ya miƙe don ya nuna mini tazarar rami da rami, ya ɗaga ƙafa zai yi takun nan nasa, ƙafar ta tsaya a rabin hanya ta sauka. Ya dube ta kamar ba tasa ba. Sai ya tsinci wani kara da ruwa ya kawo, ya karya shi daidai tsawon da yake nufi, ya miƙo mini.

Ranar Lahadi ya rako ni tasha. Ya ba ni busasshen kifi da sabulu in kai wa Inna, ya ɗaure bakin jarka da leda don kada ta zube, ya damƙa ni hannun direba. "Ka ce ma innarka, in Allah ya so." Na hau bisa jarkokin manja, mota ta tashi, ina kallonsa yana komawa cikin kasuwa, taku, dakatawa, taku, har mutane suka rufe shi. Wannan karon ba albasa a motar, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifin idona.

Na iso Wurno da hantsi. Inna na tsaye a ƙofar zaure, kamar tun ranar da na tafi ba ta gusa ba. Ba ni ta duba ba, bayana ta duba, ta bi lungun da ido har ƙarshensa, ta jira ko wani mai tafiya a hankali zai ɓullo. Sannan ta karɓi kifin da sabulun. Ba ta tambaye ni me ya ce ba. Ta dubi karan da ke hannuna, ta dubi fuskata, ta ce, "Ka gani?" Na ce na gani. Ta juya ta shiga gida. Kaka ce ta ceci ranar, ta buɗe jarka ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce, "Ɗan banza, gishiri ka zuba ma ruwan rijiya, ka zaci ban san halinka ba." Duk da haka kullum da safe sai ta shafa, ta kuma ce tana jin dama.

Da ruwa ya sauka na sauko da sungumi, wanda a lokacin ya fi ni tsawo. Hadiza ta riƙe ƙwaryar iri, ni ina gaba ina auna kowane rami da karan nan, maƙwabta na dariya wai ɗan boko ya zo da ma'auni gona. Hannuna ya yi bororo, layin ya karkace kamar hanyar maciji, amma gero ya fito.

Yanzu ina ajin ƙarshe na sakandare, na kusa kamo Baba a tsawo. Babbar gona ta koma daji, shi Ummaru kuwa har yau ba labarinsa. Baba na Badagiri yana ware albasa, yakan kira ranar Juma'a ya tambayi ruwa da lafiyar jaki, kowace bazara Inna ta yi tambayarta, ya ba ta amsarsa. Kaka ta rasu ta bar rabin ruwan tekunta, Inna ta ƙi zubarwa, ta ajiye jarkar a ɗakin Baba kusa da malafarsa da tabarmar da yake zama ya ce in yi hedimasta, kullum sai ta share ɗakin. Na taɓa ce mata mu ma mun yi gidan tarihi, saura mu sami mai sayar da tikiti, ta jefe ni da mafici, amma na ga kafaɗarta ta ɗan motsa. Wani lokaci nakan tuna ɗakin nan mai warin tsatsa, inda aka rataye ƙarfe a bango mutane na zuwa kallo, in yi tunanin ko mu ma wata rana namu zai hau bango. Har yau ina kwaikwayon tafiya, sabon shugaban makarantarmu ma yana hannuna, guda ɗaya ce dai na iya ba na yi. Karan ya daɗe da karyewa, ban kuma bukatarsa, ƙafata ta kai. Ranar shuka in na isa ƙarshen layi na waiwaya, na ga ramukan nesa da juna, sai in ga kamar shi ne ya wuce yanzu-yanzu da malafarsa. Wannan ce kaɗai tafiyarsa da ta rage a Wurno.